Rigar Jirgin Yaya

Yayana tela ne, amma bai taɓa ɗinka wa mutum riga ba. Kujerun mota yake yi wa sutura, da su ya ci ya sha, da su ya aurar da 'ya'yansa. Sai dai ba don kujera na zauna ba da labarinsa ba, don jirgi ne. Ƙananan jiragen sama, irin waɗanda za ka ɗauka da hannu biyu ka rataye a silin, su yake sa wa riga. Kuma tun yanzu in faɗa muku, ni ba mai haƙuri ba ce. Haƙurin gidanmu duk shi ya kwashe, ni da na zo a ƙarshe sai baki na tarar. In kun ji muryata ta hau, ku yi mini uzuri.

Yana ɗan shekara goma sha tara, yana koyon aiki, aka zo shagon maigidansa neman wanda ya iya riƙe lanƙwasasshiyar allura. Wani ƙaramin jirgin feshin gona ne ya yage a fiffike. Yaya ya je yana zaton ƙarfe zai tarar. Ya danna fiffiken da babban yatsa, abin ya lotsa ya dawo. Tsohon makaniken da ke wurin ya yi masa dariya, ya ce yadi ne, ya nuna masa yadda ake ɗaure shi a jikin kowane haƙarƙari, wato siraran sandunan cikin fiffiken, ƙulli bayan ƙulli. Ranar Yaya ya dawo gida bai ko wanke hannu ba, ya ce wa mahaifiyarmu, "Inna, ashe jirgi ma riga yake sawa!" Inna ta ce to Allah ya kyauta, ya zo ya ci abinci. Ita ta ɗauka maganar ta ƙare a nan.

Da ya buɗe shagon kansa, sai ya yi maƙwabtaka da wani kafinta. Bango ɗaya ya raba su, kuma a jikin bangon akwai wata taga marar murfi, daidai ƙirjin mutum. Ta nan suke miƙa wa juna shayi, da guduma, da labarin gari. Ta nan kuma, wata rana, Kafinta ya miƙo masa ƙwarangwal ɗin jirgi na farko, wanda ya haɗa da siraran katakai don wasa kawai. Yaya ya rufe shi da yadi. Daga nan fa aka kama hanya, shekara talatin da biyu. Kafinta ya yi ƙashi, Yaya ya sa riga. Ba su taɓa sayar da ko ɗaya ba. Wasu suna rataye a shago, wasu an ba makarantu, wasu jikoki sun karya.

Ni kuwa Yaya Kafinta nake ce masa, shi ya ce mini Auta kamar yadda 'yan gidanmu ke kirana. Ranar da mijina ya rasu, shi ya fara isowa. Ina faɗin wannan don kada ku zaci baƙo ne ya yi mana abin da aka yi mana.

Aikin Yaya ba na mai gaggawa ba ne. Farin yadi yake saye, shara-shara, wanda in ka ɗaga kana hango yatsunka. Ya wanke shi sau uku har sitatin ya fita, ya shanya a inuwa. Ya shimfiɗa a kan fiffike, ya manne bakin da gam, sannan ya guntsi ruwa ya fesa da baki kamar mai wanki da guga. In ya bushe sai yadin ya ɗame. Daga nan ɗinki. Kowane haƙarƙari sai ya bi shi da ƙulli, tsakanin ƙulli da ƙulli bai wuce kan ashana biyu ba. Ya yanko siririn ƙyalle, ya yi masa haƙora da ƙaramin almakashi, ya rufe layin ɗinkin. Sai shafe da tsinkakken ruwan gam, sau shida, kowanne da kwanansa. Ƙarshe ya ɗalli fiffiken da farce. In ya ji "tam", sai ya yi murmushi. In ya ji "taf", ranar ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa. A ƙarƙashin fiffiken hagu kuma yakan yi ƙulli ɗaya da jan zare, shi ne sa hannunsa.

Akwai halin yadin nan da kowa a layin shagunan ya sani. In aka kwana ana ruwa, da safe za ka ga rigar jirgi ta saki, ta yi tamoji kamar fuskar tsohuwa. Baƙo in ya gani sai ya ce aiki ya lalace. Yaya sai ya ce, "Ƙyale shi, barci yake yi." Shi da Kafinta su ɗauko jiragen su jera a kan benci a rana, su zauna shan shayi. Kafin kofi na biyu ya huce, kowane fiffike ya koma tam. Na ga sun yi haka ya fi sau ɗari. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yana shiga shekara sittin da ɗoriya sai yanar ido ta rufe masa idanu, duka biyun. Da farko ramin allura ya ɓace masa, sai layin alli, sai fuskokin mutane. Ya bar aikin kujera. Jirgi kam ya ƙi bari. Ni lokacin na ajiye aikin dafa abinci da nake yi a wata makaranta, ba ni da abin yi sai faɗa da maƙwabta, sai ya zama kullum da safe in je shagonsa in zura masa zare a allura ashirin, in kafa su a jikin soso. In ya gama da ɗaya ya lalubo wata.

A cikin wannan hali Kafinta ya gama ƙwarangwal mafi girma da ya taɓa yi. Jirgi ne mai fiffike biyu, sama da ƙasa, faɗinsa ya kai mutum ya ware hannuwa. Ta ƙofa aka shigo da shi, taga ta yi masa kaɗan. Gaskiya ɗaya ce, aikin ya yi kyau, ba zan hana shi wannan ba. Yaya ya shafa shi tun daga farfela har wutsiya, ya ce, "Mutumina, wannan shi ne na ƙarshe. Bayan shi na ajiye allura." Kafinta ya ce, "Haba Tela, bar faɗin haka."

Wata goma sha huɗu Yaya ya yi a kansa, da lalube. Yatsansa na hagu ya bi haƙarƙari, na dama ya soka allura. Ƙulli dubu ɗaya da ɗari da arba'in, ni na ƙirga. Duk layin da ya gama sai ya ce, "Auta, duba mini, ya miƙe?" In ce ya miƙe. Ya ce, "Ke dai tausayina kike ji." In ce, "Ni? Yaushe na fara tausayin mutum? Da ya karkace da tuni ka ji." Ya yi dariya, amma bai yarda ba. Sau biyu ya warware layi lafiyayye ya sake, don yatsansa ya ce masa akwai matsala. Mutumin da yake tsoron asibiti kamar me, wanda 'ya'yansa suka yi shekara uku suna roƙo a cire masa yanar ido yana ƙi, ranar da ya ɗaure jan ƙullin nan ya ce a kai shi. Ya ce, "Ina so in ga abin da na ɗinka. Sau ɗaya ma ya ishe ni."

Ana saura mako ɗaya a yi aikin, sai ga takarda daga wani gidan ajiye kayan tarihi da ke tsakiyar gari. Sun buɗe zaure na sana'o'in hannu, wani ya ba su labarin jirgin, suna so su rataye shi a can. Yaya ya so a bari sai idonsa ya buɗe. Kafinta ya ce ai ranar buɗe zauren ba za ta jira ba, kuma wane daɗi ya fi mutum ya fara ganin aikinsa a rataye a babban wuri, jama'a na ɗaga kai? Ya ce, "Ka bar mini, ni zan kai shi da hannuna. Ko ƙuda ba zai sauka a kansa ba." Yaya ya cire makullin shago daga aljihu ya miƙa masa ta taga.

Aka yi aikin ido, ɗaya bayan ɗaya. Likita ya ce mako huɗu ba rana, ba ƙura, ba sunkuyo. Na tare a gidan Yaya ina taya matarsa ɗiga masa magani. Kullum da yamma sai ga Kafinta da lemo a leda. Ya zauna a bakin gado ya yi ta ba da labari. Yau wani malamin jami'a ya tsaya rabin awa yana kallon ɗinkin. Jiya wata baƙuwa ta rantse da inji aka yi ƙullin. Shekaranjiya an so a taɓa, mai gadi ya hana. Yaya yana zaune da baƙin tabarau, bakinsa ya ƙi rufuwa. Da na ce a ɗauko mana hoto a waya, Kafinta ya ce an hana ɗaukar hoto a zauren. Yaya ya ce, "Bar shi ma, Auta, ba na son hoto. Da idona zan gani." Ni kuwa, sakarya, har rakiya nake yi wa mutumin zuwa bakin ƙofa ina sa masa albarka.

Ranar da likita ya sallame shi, Yaya ya sa sabuwar riga. Muka biya shagon Kafinta don mu tafi tare, muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Yaya ya ce wataƙila ya riga mu can. A mota yana ta karanta allunan shaguna da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya, direba na dariya.

Zauren dogo ne, da tagogi a sama. Tun daga ƙofa na hango jirgin a rataye da waya. Ƙyalli yake yi. Jirgin Yaya ba ya ƙyalli, farinsa a kwance yake kamar na ƙwai. Wannan kuwa leda ce aka naɗe shi da ita, farar leda garau irin wadda ake mannawa da dutsen guga, kana hango kowane katako da ke ciki. Babu yadi. Babu ƙulli ko ɗaya.

Yaya ya wuce shi. Wallahi ya wuce shi, ya kai ƙarshen zauren yana waige-waige, ya dawo ya ce, "Auta, ina namu?" Ni kuwa idona na kan jirgin ledar. Ya bi inda nake kallo. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya matsa ƙarƙashin fiffiken hagu ya ɗaga kai, ya daɗe a haka, ga shi likita ya hana shi wahalar da ido. Sai ya ce a hankali, "Ko idon ne bai gyaru ba?"

Mai kula da zauren ya taso da fara'arsa. Ya ce, "Baba, kun ga aiki ko? Haka aka kawo mana shi. Wanda ya kawo ya ce sun zaɓi leda ne don jama'a su ga ƙashin ciki, kuma mutane suna yabawa sosai." Ya nuna mana wani kati a jikin bango. Sunan Kafinta a sama, a matsayin wanda ya yi ƙwarangwal. Sunan Yaya a ƙasa, a matsayin wanda ya yi sutura. Yaya ya karanta, harafi bayan harafi. Ya ce, "Ɗana, ara mini biro." Ya ja layi a kan sunansa, miƙaƙƙe, ya mayar da biron ya yi godiya. Mutumin ya tsaya baki buɗe. Yaya ya ce, "Ni tela ne. Ban taɓa ɗinka leda ba."

Da muka koma, shagon Kafinta a buɗe. Yana ganinmu ya ajiye zarto. Ban jira sallama ba. Na faɗa masa abin da ya zo bakina, kuma abin da ya zo bakina ranar ba zai rubutu ba. Masu shaguna suka fara leƙowa. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya isa, Auta." Ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Mutumina, ba ni labari."

Kafinta ya ce ruwa aka kwana ana yi ana gobe zai kai jirgin. Da ya buɗe shago ya tarar rigar ta saki, duk ta yi tamoji. Ya tsorata, ya ga ba zai kai abin kunya gaban mutane ba, ga Yaya a kwance, ba halin tayar masa da hankali. Shi ne ya sa reza ya cire, ya sayo leda. Ya ce, "Don in rufa mana asiri na yi, Tela. Kuma ai ban cire sunanka ba."

Yaya ya ce, "Ranar rana ba ta fito ba? Bencin da muke shanya su an sace shi? Sau nawa muka shanya tare, ni da kai? Da wani ne ya faɗa mini haka, da na ce rashin sani ne. Kai fa?"

Nan fa Kafinta ya fashe. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce shekara talatin da biyu yana fere katako kamar tsinken sakace, yana lanƙwasa shi a kan tururi, yatsunsa duk tabo, kuma duk ranar da ya gama sai a zo a lulluɓe masa aiki. Kowa ya shigo sai ya ce kai, tela ya iya ɗinki! Wa ya taɓa cewa kafinta ya iya haƙarƙari? Ko 'ya'yansa ba su san abin da ke cikin jiragen nan ba. Ya ce, "Wannan shi ne mafi kyan abin da na yi a duniya, ni ma na ƙarshena ne. Sau ɗaya na so a gan ni."

Yaya ya juya ya dubi tagar da ke jikin bango. Sannan ya ce, "Ga taga nan. Shekara talatin da biyu tana buɗe. Da ka leƙo ka ce, Tela, bar mini wannan tsirara, wallahi da na bar maka. Da ka bari ma na gan shi kwana ɗaya, washegari ni zan miƙo maka rezar. Amma ka zauna a bakin gadona kana ba ni labarin malamin jami'a." Sai ya ce, "Ina yadin?"

Idon Kafinta ne ya nuna mana. A ƙarƙashin teburin aikinsa, ya shimfiɗa rigar jirgin don kada fenti ya ɓata masa siminti, gwangwanaye na zaune a kai. Na durƙusa na ture su, ɗaya ma ya kife, ban damu ba. Na zaro abin da ya rage. Wani yanki na fiffiken hagu ya tsira, tsawon kamu biyu, da zoben koren fenti a tsakiyarsa inda gindin gwangwani ya zauna.

Yaya ya karɓa ya fita bakin ƙofa inda haske yake. Ya riƙe shi nesa, ya matso da shi kusa. Ya bi layin ƙullin da ido, ba da yatsa ba, tun daga sama har ƙasa, har ya kai kan jan zaren. Ya juyo ya dube ni, idon da aka gyara jiya-jiya ya cika da ruwa. Ya ce, "Auta, ashe da gaske kike. Ya miƙe."

Ni a nan na yi kukana, a tsakiyar layi, gaban masu faci da masu walda.

Yanzu shekara biyu ke nan. Yaya yana zura zare a allura da kansa, bugu ɗaya, ba ya bukatata. Yana zuwa shago kullum, ya koma ɗan gyaran kujera don kada ya zauna haka nan. In Kafinta ya gaishe shi yana amsawa, har ya tambayi iyali. Ni ce dai ba na amsawa, kuma na daina ce masa Yaya. Na so a toshe tagar nan da bulo, Yaya ya hana. Shayi ne kawai ya daina bi ta cikinta.

Wata uku bayan abin, Kafinta ya miƙo wani ƙaramin ƙwarangwal ta tagar. Aiki mai kyau, kamar na farkon da suka fara da shi. Ina wurin. Na ce yanzu Yaya zai mayar masa, ko ya taka. Sai ya karɓa da hannu biyu, ya duba shi sosai, ya ce, "Kai, kafinta ya iya haƙarƙari." Ya buga ƙusa a saman tagar, ya rataye shi a nan, yana fuskantar teburin Kafinta.

Bai sa masa riga ba. Abin da Yaya ya sani, kuma na tabbata Kafinta ma ya sani, yadin nan shi ke riƙe siraran katakan su tsaya a miƙe. Damina ɗaya ta wuce, fiffiken dama ya murɗe. Ta biyu ta wuce, haƙarƙari uku suka ɓalle daga gam, wutsiya ta sunkuya. Yana nan yana lilo in iska ta shigo, kullum a gaban idon mai shi.

Rannan na ji Kafinta ta taga, murya ƙasa-ƙasa, yana cewa, "Tela, don Allah ka rufe shi, ko ka sauke shi."

Yaya yana kan keke yana ɗinkin wata kujera, bai ɗago ba. Ya ce, "A'a, mutumina. Bar shi a gan ka."